Kwana Tara Na Yi Da Sabon Babur, Na Sayar Da Shi Da Ledarsa

A shekarar da abin nan ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da takwas. Na gama karatun malanta a Bici, aiki bai samu ba, na dawo ƙauyenmu da ke ƙasar Ɗanbatta na ɗauki fartanya kamar kowa. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. A ɗakinmu ni ne babba, sai ƙanwata wadda aurenta ya mutu ta dawo gida, sai mahaifiyarmu da muke kira Inna. A lokacin ina da ji da kai, gani nake tunda na yi boko, ga babbar waya a aljihu, duk majalisar ƙofar masallaci babu wanda ya kai ni sanin duniya. Malam Edita, laifin da na yi zan faɗe shi da bakina a wannan takarda, ba sai an matsa mini ba. Amma abin da mutanen garinmu suka ɗauka shi ne abin kunyata, wato sayar da sabon babur kwana tara da sayensa, wannan kam har gobe ban karɓa ba.

Inna tana da ciwon suga. Duk bayan mako biyu sai an kai ta asibiti a Ɗanbatta a gwada jininta a ba ta magani, kuma ni ne mai kai ta, a kan tsohon babur ɗina irin na 'yan acaɓa, mai dogon sirdi. Yadda kowa yake yi a ƙasarmu idan za a kai mara lafiya haka muke yi: mai tuƙi a gaba, mara lafiya a tsakiya, mai riƙo a baya. Ƙanwata ce mai riƙo, kuma akwai dalili na biyu da ya sa dole ta bi mu. Ni ɗan fari ne, Inna kuwa irin matan nan ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta faɗi sunana ba. Idan tana son abu a wurina sai ta ce da ƙanwata ta gaya wa yayanta kaza, ko da ina tsaye a tsakar gidan ina ji. A kan babur ma ba ta taɓa dafa ni ba, takan sa jakar maganinta tsakanina da ita, ta jingina da ƙanwata. Mutumin birni zai ga abin kamar ƙiyayya, mu kuwa mun san ba haka ba ne, domin ko tuwo aka kwashe, malmalar da ta fi kyau ita take turo mini ta hannun wani.

Tsakanin ƙauyenmu da kwalta akwai wani rafi mai yashi. Da rani ko tafin ƙafa ba ya jiƙawa, da damina kuwa in an yi ruwa yakan kawo har gwiwa. Daminar da ta gabata babur ɗina ya maƙale a wurin sau biyu da Inna a kai, har ta sauka ta tsaya a ruwa ina turawa. To a wannan shekarar ne wasu malaman gona suka riƙa shigowa yankinmu a kan wani irin babur na daji, dogo, siriri, tayoyinsa masu haƙora, yana ratsa rafin nan kamar babu ruwa a ciki. Na gani raina ya biya. Na shiga waya ina kallon yadda ake tsalle da irinsa a kan duwatsu, kullum kwaɗayi yana ƙaruwa. Da na tashi gaya wa mutane, cewa na yi saboda Inna zan saya, don kada ta sake tsayawa a ruwa. Na faɗa sau da yawa har ni kaina na yarda. Gaskiyar magana Inna rabin dalili ce, ɗaya rabin so nake a juyo a kalle ni.

Wani abokina mai gyaran babura a bakin kasuwa ya ja ni gefe ya ce in yi tunani, wai wannan babur na mutum ɗaya ne da jakarsa, ba na mai iyali ba. Na ce masa ai shi tunaninsa bai wuce faci da famfo ba. Na sayar da tsohon babur ɗina, na haɗa da gyaɗar da na ɓoye da raguna biyu da na yi kiwo, na nufi Kano ana tsakiyar noman farko. A shagon na hau, na zagaya, na duba fitila, na duba birki, na tambayi yawan man da yake sha. Sirdin ne kaɗai ban tsaya na duba na tambayi kaina ina mutum uku za su zauna ba.

Ranar da na shigo gari da shi sai ka ce ranar salla. Ja ne, leda a tanki, leda a madubi, ban cire ko ɗaya ba, domin a wurinmu ledar ce shaidar sabo. Baffanmu, ƙanin mahaifina, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya sa aka kira liman ya tofa masa addu'a a ƙofar gida, aka raba goro da alewa, kowa yana Allah ya tsare, Allah ya sa a mora. Baffa ya yi ta kai da kawo kamar shi ya saya, yana gaya wa mutane gidan nan bai mutu ba. Wani tsoho mai barkwanci ya ce wannan ai raƙumi ne, sai an gurfanar da shi kafin a hau, aka yi dariya, sunan ya bi babur ɗin. Inna ba ta fito ba, ta aiko ƙanwata da saƙon Allah ya sanya alheri.

Tun washegari Raƙumi ya fara nuna mini halinsa. Ƙasarmu ba ta da daji, gona tana jingine da gona, hanyar da ke tsakani kuwa iyakarta jaki ɗaya da mangalarsa. Na so in kai buhun taki gona, na duba baya babu kariyar ɗora kaya, babu inda za a ɗaura igiya, na ɗora a kan tanki ya zame sau biyu kafin in fita gari. Ƙararsa ta firgita jakin wani mutum ya zubar da kayansa, tayar baya kuma ta kwashe wa wani kunya biyu ta gyaɗa a wurin juyawa, sai da na je ba da haƙuri. Duk ban ɗauke shi komai ba. Da yamma in na kafe shi a gindin darbejiyar majalisa samari suka kewaye shi suna shafawa, sai in manta.

Rana ta uku ita ce ranar asibitin Inna. Na fito da shi ƙofar gida da sassafe na goge shi, matan maƙwabta suka leƙo don su ga yadda za a yi. Inna ta fito da mayafinta da katin asibiti, ta tsaya tana duban sirdin da ya kusa kai mata ƙirji. Sai da aka kife turmi ta taka, aka tallafa mata, sannan ta hau. Da ƙanwata ta zo hawa sai aka ga babu wuri, sirdin ya ƙare, bayansa sai wata 'yar roba mai lanƙwasa sama. Ta gwada, ta zame. Nan ta ce da ni a hankali, yadda matan ba za su ji ba, mu ari babur ɗin maƙwabcinmu ɗan acaɓa mana, a bar wannan sai wata rana. Wannan ita ce gaɓar da nake tunawa in ji kamar in mari kaina. Na ce mata ba a gaban mutanen nan ba, na sayar da abin da na mallaka na sayo babur saboda Inna, sannan ranar farko in tafi aro? Na ce ta koma ciki, ni kaɗai na isa. Ta dubi Inna ko za ta ce wani abu. Inna ta gyara mayafi, ta kai hannayenta baya ta kama robar nan don kada ta kama ni. Muka tafi.

Da muka isa rafi ya kawo, har wasu masu babura sun tsaya a gaɓa suna naɗe wando. Ni kuwa na murɗa na ratsa ta tsakiya, ruwa yana tashi dama da hagu, na haye ban sa ƙafa a ƙasa ba. Wallahi a lokacin ji na yi babu kamata. Na ɗan waiwaya na tambaye ta ko lafiya, ta yi gyaran murya, na ɗauka amsa ce. A asibiti ta sauka da ƙyar, na ce tsayin babur ne. Aka soki yatsanta aka gwada jini, aka ba ta magani, ba ta ce da kowa komai ba, zaninta kuma ya rufe har idon sawu. Muka dawo yadda muka je.

Kwana huɗu suka wuce ina yawon nuna babur, har Shanono na je ba tare da wani dalili ba. Na lura Inna ta daina fitowa tsakar gida, gaisuwa ma daga cikin ɗaki take amsawa, amma tunda dama ba hira muke yi ba, ban ga wani sabon abu ba. Rana ta bakwai da hantsi ina gona, sai ga ƙanwata ta biyo ni ko takalmi babu, ta ce in ajiye fartanya in zo in ga aikina. Tun daga bakin ƙofar ɗakin na ji warin. Inna tana zaune a tabarma ta juya fuska bango, ƙanwata ta ɗage zanin tana hana ta. A sha-raɓarta ta dama, ta ciki, akwai ƙuna mai faɗin tafin hannu, gefenta ya fara baƙi, an liƙe ta da gashin zomo da man shanu, ƙafar ta kumbura har yatsu. Ashe salansar wannan babur ba a ƙasa take ba kamar ta sauran babura, ta gefen sirdi ta bi, a sama. Ƙafar Inna ba ta kai mataki ba, sai ta kwanta a kan ƙarfen, zuwa da dawowa. Ciwon suga ya rage mata jin ƙafa, amma ba duka ba. Ta gaya wa ƙanwata cewa tun kafin mu kai rafi ta ji zafin. Da aka tambaye ta don me ta yi shiru, cewa ta yi ta yaya za ta taɓa ɗan fari ta ce ya tsaya, kuma yaro yana murna da sabon abinsa, mutane sun yi masa addu'a, ita ce za ta fara kushe shi? Na zagaya bayan ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne mahaifina. Na ji haushin kaina, na ji haushin babur, kuma Allah ya yafe mini, na ji haushinta ita ma.

Aron da na ƙi yi ranar farko shi na je na yi, kaina a ƙasa. Maƙwabcin ya miƙo mini makulli. Likitan da ya duba ƙafar ya daɗe bai ɗago ba. Ya tambayi kwana nawa, aka gaya masa. Ya tambaye ni ko ni ɗanta ne, na ce e, ko a gida ɗaya muke, na ce e, bai ƙara tambaya ba, da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Aka kankare wurin, aka yi mata allurai, ya yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye. Ko a kwantar da ita, ko a riƙa kawo ta kullum a wanke ciwon, ba fashi ko na rana ɗaya, kuma kada ruwa ya taɓa shi. Idan baƙin nan ya ci gaba da hawa sai Kano, can kuwa abin da za a yi shi ne a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Inna ta ƙi kwanciya ƙememe, ta ce ita ba za ta kwana inda maza ke shiga suna fita ba. Saura kawowa kullum ke nan, a tsakiyar damina, ga ni da babur ɗin da ba ya ɗaukar mutum uku.

Washegari maƙwabcin ya sake ba ni, amma na ga fuskarsa. Da babur ɗin nan yake ciyar da gidansa, duk safiyar da na ɗauka abincin 'ya'yansa na ɗauka. Da muka dawo na sami Baffa a zaure na gaya masa gobe kasuwa, zan kai Raƙumi in rabu da shi. Sai ka ce wuta na zuba masa. Ya ce ba a gidan nan ba. Wai abin da liman ya yi wa addu'a, aka ci goronsa, ko ledarsa ba a cire ba, shi zan kai kasuwa in tsaya a rana ana taya shi kamar akuya? Wai duk ƙasar nan za a ce gidan ya karye, masu neman auren 'ya'yansa za su ji. Ya ce in yi haƙuri zuwa kaka in sayar cikin mutunci, kafin nan a riƙa kai ta a amalanke bayan kwana bibbiyu, ai Allah ne mai warkarwa. Na ce masa ƙafar ba za ta jira kaka ba. Ya ce boko ya lalata ni.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne saƙon da Inna ta aiko ƙanwata da shi da la'asar, bayan Baffa ya shiga ya yi mata magana. Ta ce a gaya mini ba ta yarda in sayar saboda ita ba. Wai ita ta tsufa, ƙafa ɗaya ma ta ishe ta zuwa kabari, amma ni yanzu na fara rayuwa, ba za ta so a riƙa nuna ni da baki a kasuwa ba. In kuwa na sayar, to in nemi wadda zan riƙa kaiwa asibiti, ba ita ba. Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san nauyin wannan magana. Tunda aka haife ni ban taɓa tsallake umarninta ba, ko da ta bakin wani ya zo. Na zauna a bakin rijiya na juya maganar ta kowace fuska, na ga in na bi ta zan zama ɗa mai biyayya, mai uwa da ƙafa ɗaya. Na zaɓi ta yi fushi da ni tana tsaye.

Da safe, bayan na yi aro na uku mun je mun dawo, na hau Raƙumi na nufi kasuwar Ɗanbatta, wajen 'yan babura. Abin da Baffa ya faɗa ya faru har da ƙari. Aka kewaye ni, kowa ya yaba, babu mai tayawa. Wani ɗan acaɓa ya tambaya ina zai sa fasinja, a aljihu? Wani ya ce shi mai kai buhunan gero kasuwa me zai yi da abin wasan 'ya'yan masu kuɗi. Wasu suka tsaya a kan cewa ba a sayar da sabon abu haka kawai, ko injin ya buga, ko takardun ba su cika ba, sai da na fito da rasiɗi na tayar da shi suka ji. Abokina mai gyara, wanda na yi wa rashin kunya, shi ya zo ya tsaya kusa da ni, bai ce ai na gaya maka ba, ya je ya nemo wani dillali. Dillalin ya ga idona ya san a matse nake, ya kuwa karya farashin warwas. Abin da ya taya iyakarsa ya sayi wani tsohon babur mai dogon sirdi da ke rumfarsa, wanda ya girmi nawa na farko, fenti ya koɗe, sirdin a ɗaure da robar taya. Na san an cuce ni, duk wanda ke wurin ya sani. Na durƙusa na ga salansar a ƙasa take da garkuwarta, na roƙi abokina da wani mutum suka hau bayana muka zagaya, na ga mun zauna mu uku, na ce na sayar. Dillali ya tura Raƙumi cikin rumfa da ledarsa.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Da na biyo ta majalisa tsohon babur yana tari yana hayaƙi, samarin da ke shafa Raƙumi shekaranjiya suka fashe da dariya. Wani ya ce an tafi da raƙumi an dawo da jaki, tsohon nan mai barkwanci ya raɗa mini suna Kwana Tara. Wasu suka ce na karye, wasu suka ce baki ne ya kama babur ɗin saboda yawan yabo, wata gwaggo har ta kawo mini turaren hayaƙi. Na gaya mata babu wani baki, ni ne na sayi abin da bai dace da gidanmu ba. Baffa kuwa ya daina amsa gaisuwata, in na durƙusa sai ya kama jan carbi.

Washegari na fito da babur, ƙanwata ta shiga ta fito ta ce Inna ta ce ba za ta ba. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba. Na shiga ɗakin na durƙusa a gabanta, na yi mata doguwar magana kai tsaye, ba ta bakin kowa ba. Na ce babur ya tafi, ko ta je asibiti ko ba ta je ba ba zai dawo ba, dariyar da take gudar mini an riga an yi ta. Na ce ni na ƙona ƙafar nan, in aka yanke ta da shi za a riƙa nuna ni har in mutu, in tana so ta rufa mini asiri to ta tashi. Na ce ba zan je gona ba, ba zan ci abinci ba, a nan zan zauna. Ina nan durƙushe har rana ta ɗaga. Can sai ta ce da ƙanwata ta miƙo mata mayafi.

Kwanakin aro mun ci sa'a rafi ya janye, ranar kuwa an yi ruwa da asuba, ya kawo har gwiwa. Inna da ƙanwata suka sauka, na tura babur na haye da shi, na dawo, na juya wa Inna baya na tsuguna. Ta gane abin da nake nufi, ta ja da baya, ta ce da ƙanwata ta tambayi yayanta ko ya haukace ne. Ƙanwata ba za ta iya ɗaukarta a cikin wannan yashi ba, likita kuma ya ce kada ruwa ya taɓa ciwon. Masu zuwa gona sun tsaya da fartanya a kafaɗa suna kallo. Ban tashi ba. Mun daɗe a haka, wani hadarin yana haɗowa ta gabas, sannan na ji hannunta a kafaɗata. Ban san ta rame haka ba sai da na ɗaga ta. Na goya ta na haye, ta rufe fuska da mayafi tana salati ƙasa-ƙasa. Haka muka yi ta yi, zuwa da dawowa, duk ranar da rafi ya kawo, har damina ta janye. Wannan ma ya zama abin magana a gari, wasu tsofaffin mata har suna zuwa yi mata jaje wai na zubar mata da ƙima. Ko a jikina.

Mako uku baƙin yana nan, bai hau ba bai sauka ba, kullum sai na kalli fuskar mai wankin ciwo kafin in kalli ƙafar. A mako na huɗu ta ce sabon nama ya fara fitowa. Aka koma bayan kwana bibbiyu, sannan mako-mako. Gerona ya sha ciyawa a shekarar, abin da na girbe bai taka kara ya karya ba. Sai bayan an kai amfani rumbu ciwon ya rufe. Ya bar rami a ƙafar, tana ɗan ɗingishi, tafiya mai nisa ta gagare ta. Amma ƙafarta ce, da ita take takawa ta je alwala, da ita take shiga maƙwabta barka da gaisuwa.

Shekara uku ke nan, har yanzu sunana Kwana Tara a majalisa, kuma ina amsawa. Baffa ya sauko, amma in zancen ya taso sai ya ce da na bi a hankali da ba a ji kanmu ba. Ni abin da nake nadama daban ne. Na yi nadamar ƙaryar da na yi wa kaina cewa don Inna na saya, da ranar da ƙanwata ta ce mu ara na ƙi saboda idon matan maƙwabta. Wanda ya fi ci mini rai shi ne kwana huɗun nan da na yi ina yawo, ƙafar uwata tana ruɓewa a ɗakin da ke taku goma da nawa. Sayarwar kam ban yi nadamarta ba ko na minti ɗaya. Cikin waɗanda suka ci goro ranar addu'a babu ko ɗaya da ya zo bakin rafi ya kama mini babur, don haka ba su da bakin gaya mini abin da zan ji kunyarsa.

'Yan'uwana matasa, a ƙauye babur ba naka ba ne kai kaɗai, shi ne motar asibitin gidanku. Kafin ka biya ka tuna da wanda ya fi kowa rauni a gidan, ka tambayi kanka ina zai zauna, me zai riƙe, ina ƙafarsa za ta sauka. In kuwa ka riga ka yi kuskure, ka rabu da shi da wuri, a yi dariyar a gama. Ku kuma masu iyaye irin tawa, waɗanda ba sa faɗa, kada ku ɗauki shirunsu lafiya ce. Ban ce a watsar da kunya ba, a cikinta na tashi, amma na ga inda ta kusa kai mu. Likita ya ce mai suga a riƙa duba ƙafarsa kullum, har tsakanin yatsu. Ƙanwata ta sake aure ta tafi, Inna kuwa na san ko ƙusa ta taka ba za ta faɗa ba. Don haka kowace safiya kafin in tafi gona nakan shiga in durƙusa, in ɗauki ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya in duba. Har yau ba ta saba ba. Takan kau da kai ta yi tsaki, wani lokaci ta janye ƙafar, in sake kamowa. Kwanan nan matar Baffa ta tare ni ta ce wannan rashin ta-ido ne, ɗan fari ba ya yin haka. Na ce mata ta gaya wa duk wanda take so, gobe ma zan shiga.